Ƙafata Cikin Daɓen Turawa

Har yau in na ji ƙugin kamyo, babbar motar siminti, sai tafin ƙafata ya ɗauki zafi. Likita ta ce na warke, ni ma na duba na ga sabuwar fata, amma jikina bai gama yarda ba. Ƙawayena na lise, wato sakandare, a Filinge sun dame ni da saƙo, wai an ce Turawa sun ƙona ni. Ba wanda ya ƙona ni. Ga yadda abin ya kasance, ku karanta ku huta, ni ma in huta.

Sunana Hamsatu. Da na ci BAC, jarrabawar gama sakandare, na samu gurbin karatun lissafin kamfani a wani gari na gabashin Faransa, can cikin duwatsu. Baba ya kai bijiminsa kasuwar Baleyara saboda tafiyar, da ya dawo igiyar kaɗai na gani a hannunsa. Wannan igiyar ta bi ni duk inda na shiga a ƙasar nan.

Zangona na farko tashar jirgin ƙasa ne. Wani ɗan ƙasarmu, abokin abokin kawuna, wanda kowa ke kira Tonton, shi ya ce ya kama mini ɗaki. Ya tarbe ni da fara'a da Hausar gida, har ya saya mini shayi da burodi.

"Ɗiyata, kin taho gida," in ji shi. "Nan ba ki da matsala. Kawo abin ɗakin in kai ma mai gida, ga makulli, ga adireshi. Ni zan wuce aiki."

Na ba shi abin da Baba ya ƙulle mini. Na ja akwatina har ƙofar, na sa makulli, ya ƙi juyawa. Ina cikin kokawa da shi wata tsohuwa ta buɗe daga ciki, kare na haushi a bayanta. Ta dubi makullin, ta dube ni, ta ce ba ni ce yarinyar farko da ta zo mata da irinsa ba. Ba ta zage ni ba. Ta ba ni ruwa a kofi, na sha a tsaye, ta rufe ƙofarta. Wayar Tonton kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Daga nan sai rayuwar akwati. Matan masallaci, Larabawan Magrib, suka bar ni a ɓangarensu na ɗan lokaci. Wata ɗalibar Senegal ta shimfiɗa mini bargo a ƙasan ɗakinta har mai kula da gidan ya gano. Sanyi ya shigo, irin wanda ke shiga haƙori. Rana ta fito ka ga haskenta amma ba ta taɓa ka. Nakan zauna a aji malami na bayani, ni kuwa ina can Kurfai, yankinmu, ina jin ƙarar turmin Inna da ƙamshin furar da ta kwana a ƙwarya. In Inna ta kira sai in ce lafiya lau, ɗakina har da taga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar zamana. Lokacinta ya kusa cika, na nemi sabuntawa, amma adireshin da na bayar na ƙarya ne, don haka komai ya tsaya. Ko ɗan sanda mai ba da hannu a titi na hango, sai in sauya hanya.

A kantin cin abinci na makaranta na haɗu da Madam Jozet. Ita ke zuba mana abinci, gajeriya ce mai kauri, muryarta kamar ta dillaliyar kasuwa. Ta lura kullum ni ce ta ƙarshen tashi, ina manne da ƙarfen ɗumama ɗaki, akwati a gefena. Wata rana ta zo da tsumman goge tebur ta tsaya a kaina.

"Ke, akwatin nan mijinki ne? Kullum kuna tare."

Na yi niyyar dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Ta ja kujera ta zauna, ta bar ni na gama. Da na faɗa mata komai ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi, "Kin iya aiki da hannu?" Na ce na yi noman hatsi tun ina ƙarama. Ta ce to in ɗauko mijina mu tafi.

Gidansu a wani ƙauye yake, saman tudu. Ban ma san ko in kira shi gida ba a lokacin: bango da rufi da tagogi, ciki kuwa fayau. Ita da mijinta Misye Rene, tsohon direban bas da ciwon baya ya zaunar, su ke gina shi da hannunsu shekara da shekaru, duk sanda hali ya samu su ɗora wani abu. Suna kwana cikin karaban, wato ɗakin nan mai taya da mota ke ja, akwai kuma wani ƙarami a gefe da suke tara kaya. Shi suka share mini. Ba haya, sai dai in kama musu aiki Asabar da Lahadi. Daren farko na rufe ƙofa da makullin da ya juya, na yi barci kamar an doke ni.

Aikin da na tarar shi ne na ƙasan ɗaki. Mun shimfiɗa allunan soso masu hana sanyi tasowa, muka rufe da leda, sannan muka bi da jan tiyo muna nannaɗe shi muna dannewa da ƴan maƙalai, zagaye cikin zagaye kamar ɗinkin faifai. Misye Rene ba ya iya durƙuso, don haka yana zaune a kan bokiti yana nuni da sanda, ni da Madam muna rarrafe. Ya ce ruwan ɗumi zai riƙa bi cikin tiyon, a zuba siminti mai ruwa-ruwa a kai, in ya bushe ƙasa da kanta za ta riƙa ɗumama gida. Na ce mu a garinmu ruwa muke yayyafa wa ƙasa don ta huce, ku kuna binne mata wuta.

"Kowa da abin da ke kashe shi," ya ce. "Ku rana, mu rashinta."

Da muka gama ya cika tiyon da ruwa, ya rufe famfon, ya kira ni gaban wani ɗan agogon auna ƙarfin ruwa da ke jikin bango inda bakunan tiyon suka haɗu. Ya nuna mini allurar. Muddin tana tsaye, ba huda. In ta sauka, wani wuri na yoyo. Ya ce yoyon da aka gani kafin siminti ya kama aikin ɗan lokaci ne. Wanda aka binne kuwa, sai dai a fasa daɓen gidan ana lalube, kuma shi ciwon bayansa ba zai bar shi ya sake wani daɓen ba.

Zubin kansa ba aikin da za su iya ba ne, sai da suka ɗauko mai sana'ar da injinsa. Ranar ya iso a makare, babu yaron aikinsa, ga wani gida na jiransa bayan namu. Ƙato ne mai jan wuya, a raina Jan Wuya na sa masa. Yana ganina ya ɗaga haɓa.

"Wannan fa? Tana da takardar aiki?"

"Ƴar gida ce," in ji Madam. "Kai dai haɗa tiyonka."

Kafin a fara ya zaga ɗakunan yana gyara leda. A bakin ƙofar ɗakin baya na gan shi ya durƙusa da ƴar wuƙarsa yana yanke wata leda da ta tattare. Hannunsa ya goce. Ya yi ashar ƙasa-ƙasa, ya ja ledar ya rufe wurin, ya miƙe ya tafi wajen agogon nan ya taɓa wani abu. Na gani, amma ban fahimta ba. Na ɗauka cikin aiki ne.

Kamyo ya iso, inji ya tashi. Simintin ya riƙa kwararowa daga ƙaton tiyo, toka-toka, kamar kunun da bai yi kauri ba. Ka zuba shi nan ya bi can da kansa, ya shafe jan tiyon, ya kwanta sumul. Misye Rene na waje wurin injin, Madam na ja wa Jan Wuya tiyo. Ni aka ba ni wani ƙarfe mai hannu biyu, aka ce in bi ɗakin da aka gama zubawa ina dannawa ina ɗagawa don iskar da ke ciki ta fita. Da ɗakin baya aka fara, don haka can na shiga ni kaɗai.

Takalman roba na Misye Rene aka ba ni, kowanne zai ɗauki ƙafafuna biyu. Duk takun da na yi sai simintin ya riƙe takalmin, in na fizgo sai in ji bakinsa ya maƙale a tiyo. Tsoro ya kama ni kada in tumɓuke abin da muka sha wuya a kai. Kuma ni a sanina ba a daɓe da takalmi. Shekarar da aka yi wa Kaka sabon ɗaki, matan unguwa suka taru da maɗabai, aka zuba tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan bagaruwa ana duka ana waƙa, kowace mace ƙafarta tsirara, don ƙafa ce ke jin inda bai daku ba. Sai na zare takalman na ɗora a taga, na naɗe wandona, na ce bismillahi na shiga.

Da sanyi, amma da daɗi. Tun zuwana ƙasar ban ji na san abin da nake yi ba sai a ɗakin nan. Danna, ɗaga, ja baya. Danna, ɗaga, ja baya. Har bakina ya kama amshin da matan ke yi.

Ina isowa bakin ƙofa na ji wani abu na sosa mini tafin ƙafa ta hagu. Siriri, mai sanyi, yana tunkuɗowa daga ƙasa, kamar in ka tona yashin dallol, kwarin nan na garinmu, ruwa ya fara ɓuɓɓugowa. Na ɗaga ƙafar. Wani ɗan zobe na farin ruwa ya taso a fuskar simintin. A lokacin ne komai ya haɗu a kaina: wuƙar, ashar ɗin, da hannun da ya kai wajen agogo. Jan Wuya ne ya buɗe famfon, don ruwa ya riƙa shiga yana maye wanda ke zuba, allura ta tsaya inda take.

Na ɗago kai sai ga shi a gabana. Ya dubi zoben, ya dube ni. Ya karɓi ƙarfen daga hannuna ya shafe wurin, ya sunkuyo daidai kunnena.

"Kin ga wani abu?"

Na sunkuyar da kai.

"Madalla. Ƴan sanda na son irinku masu aiki ba takarda. Kira ɗaya zan yi, ke a jirgi, tsofaffin nan kuma a kotu. Ɗauki ƙarfenki."

Na ɗauka. Ban san yadda na gama falon ba. Ƙarar injin ta koma kamar daga nesa. Igiyar bijimin Baba nake gani. Ina ganin kaina na sauka daga mota a tashar Filinge da akwatin nan, ba karatu, ba komai, mutane na gaishe ni da sannu da zuwa irin ta ta'aziyya. Na ce wa raina ai gidan ba nawa ba ne, wataƙila ma simintin ya toshe hudar da kansa. Tafin ƙafata ya fara ɗan zugi, na ɗauka sanyi ne.

Aka kashe inji. Madam ta kawo kofi a bakin ƙofar waje. Misye Rene ya tako da sandarsa ya leƙa ciki, ya ga daɓen yana ƙyalli daga bango zuwa bango, hoton tagogi na kwance a cikinsa. Daga baya ya ce, "Jozet, bana za ki yi tafiya ba safa a gidanki." Ita kuwa ta mangare shi a kafaɗa, ta juya tana goge ido da bayan hannu. Jan Wuya ya riga ya fara naɗe kayansa.

Akwai ƙa'ida ɗaya a daɓen garinmu. Duk wadda ƙafarta ta ji wuri ya lotsa, ko yarinya ce, sai ta ce "rami", kowa ya dakata a cike shi tun ƙasa na ɗanye. Ba a tambayar wa ta yi wurin. Wadda ake zagi ita ce wadda ta ji ta yi shiru, in ɗaki ya tsage bayan damina har ƴaƴanta sai sun ji labari. Ni ce na ji ramin a ɗakin Kaka, ina ƴar firamare, na faɗa da ƙarfi, aka yi mini guɗa.

Ban yanke shawara ba, in gaya muku gaskiya. Bakina ne ya buɗe, kuma da Hausa ya fito.

"Rami."

Duk suka juyo. Na maimaita da Faransanci: akwai yoyo a ƙofar ɗakin baya, ina roƙon Misye Rene ya rufe famfon can ya dubi allura.

"Yarinyar ba ta san abin da take faɗa ba," in ji Jan Wuya. "Ruwan siminti ne ke tasowa, haka yake yi."

Misye Rene bai kula shi ba. Agogon na kusa da ƙofar waje, ya miƙa hannu ya taɓa famfon, ya ji shi a buɗe. Ya rufe. Muna tsaye muna kallo allurar ta fara sauka a hankali, ba ta tsaya ba.

"To ita ce," Jan Wuya ya ɗaga murya. "Ita kaɗai ta yi yawo a ɗakin. Ita ta huda shi. Ga abin da ɗaukar irin waɗannan ke jawowa." Ya zaro wayarsa.

"Da me ta huda?" in ji Madam. "Da yatsun..." Ta sauke ido kan ƙafafuna, maganar ta tsaya. Simintin ya bushe mini har ƙauri, tsakanin yatsuna ya yi ja. "Ina takalmanki? Tun yaushe?"

Na ce tun ɗakin farko.

Ban taɓa ganin mace mai jikinta ta yi sauri haka ba. Ta zaunar da ni kan bokiti, ta jawo tiyon lambu ta sakar mini ruwa, tana wankewa tana faɗa, wai siminti cin fata yake yi, wai wace irin makaranta ce ba ta koya mana wannan ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce wa Jan Wuya, "Kira su. Ni ma ina da abin nuna musu. Ka sa yarinya cikin siminti ba ka dubi ƙafarta ba, ga famfo, ga kuma abin da mijina zai tono yanzu."

Misye Rene, mai ciwon bayan nan, ya karɓi takalman Madam da ƙyar ya tura ƙafa, ya ratsa falon ya durƙusa a ƙofar ɗakin baya. Ya sa safar hannu ya kwashe simintin, ya ɗago tiyon. Yanka ne miƙaƙƙe, tsaf, irin na wuƙa. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Jan Wuya ya dubi wayarsa kamar bai san yadda ta zo hannunsa ba, ya mayar aljihu, ya je motarsa ya ɗauko mahaɗin tiyo. Siminti bai kama ba tukuna. Suka yanke, suka haɗa, allura ta hau ta tsaya, aka cike wurin aka sake shafe falon.

Ban ga ƙarshen ba, labarinsa aka ba ni daga baya, Madam ta riga ta jefa ni mota. A hanya na roƙe ta kada ta kai ni asibiti, za su tambayi takarda. Ta ce in rufe mata baki. A can aka tambayi sunana da inda nake zaune, kafin in buɗe baki ta faɗi adireshin gidanta. Ba wanda ya zo ya kama ni. Fatar tafin ƙafata ta saɓule, na yi makonni ina tafiya da dunduniya kamar agwagwa, kuma ranar da ake canja bandeji ba na son tunawa. Daga baya wata ma'aikaciyar makaranta ta bayyana mini cewa mai jiran sabuntawa ba ɓarauniya ba ce, tsoron da na yi ta ɗauka ya fi laifin girma. Da adireshin gaskiya takardar ta fito.

Daɓen ma jinya ya yi. An rufe ƙofofi da tagogi kada iska ta buge shi, sannan aka buɗe ya sha iska, aka jira ya bushe har ciki. Ko da aka kunna ɗumin ba a sake shi gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan Misye Rene ke ƙarawa kowace safiya, wai in aka gaggauta tsagewa zai yi. Ni da shi muka riƙa warkewa tare.

Sai da na daina ɗingishi na faɗa wa Inna gaskiya, tun daga makullin Tonton. Ina gamawa sai ta ce:

"Ke Hamsatu, mi ya kai ki cire takalmi cikin siminti?"

"Inna, ai ku kunka koya mini."

"Mu daɓen ƙasa munka koya miki, ba na wuta ba. Ja'ira." Na ji ta ja hanci. "Amma kin ce rami?"

"Na ce."

"To. Bari in gaya ma Kakarki."

Ranar da aka tare a gidan ƙanƙara na zuba a waje. Madam ta ɗauki akwatina da kanta ta kai ɗakin baya, ta ce mijina ya gaji da karaban. Tayil ɗin gidan duk fari ne, amma a bakin ƙofar ɗakin Misye Rene ya sa guda ɗaya shuɗi, daidai kan mahaɗin, don ko bayan ransa a san inda za a tona.

Har yanzu ina firgita. In mota ta tsaya a ƙofar gida gabana na faɗuwa, in na ga mai jan wuya a bas sai in sauka tashar gaba. Amma ina zuwa aji, ina cin jarrabawa, kuma na daina sauya hanya don ɗan sanda. In ƙafar ta fara zafin nan nata na ƙarya, nakan cire safa in je in tsaya a kan shuɗin tayil. Ɗumin na tasowa a hankali, kamar yashin tsakar gidanmu bayan la'asar, sai in tsaya nan har ta yarda.